LAMBUN DA BA YA KUKAN ƘISHIRWA

Duk wanda ya san ƙasar Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, da Doguwa, ya san ruwa fuska biyu gare shi a wurinmu. A watan Agusta yakan sauko har ya ishe mu, ya cika fadamu, ya zubar da katangu, ya yanke hanyoyin ƙauyuka. Amma daga ƙarshen Oktoba sai sama ta ɗauke, ba a sake ganin ɗigo sai wajen Afrilu ko Mayu. Kafin Maris ya raba, rijiyoyi da yawa sun ja baya, guga yana dawowa da laka, mata da yara kuwa sun fara sammakon neman ruwa. A irin wannan lokaci abin da ke fara mutuwa a gida shi ne ɗan lambun bayan ɗaki da furannin ƙofar gida, gama ba mai ɗaukar ruwan sha ya zuba wa fure.

A wannan mako muna so mu tattauna da 'yan'uwa masu karatu a kan wani irin lambu wanda yake ratsa rani da bazara da ɗan ruwa kaɗan, watau lambun tsire-tsire masu ajiyar ruwa a jikinsu. Turawa suna sayensu da tsada suna jerawa a taga. Mu kuwa kakanninmu sun san da yawa daga cikinsu, sun sa musu suna, sun yi shinge da su, sun yi igiya da magani, sun kuma san waɗanda ake gudu.

RUWA KUSA, RUWA NESA

Baƙo zai yi mamaki in ya ji muna maganar ƙarancin ruwa, alhali kuwa kudancin Kano ya fi sauran jihar samun ruwan sama, kimanin milimita 1,000 ko fiye a shekara. Ga kuma madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Ba mu kuma manta da watan Agusta na 1988 ba, sa'ad da madatsar Bagauda ta fashe saboda yawan ruwa.

Matsalar ita ce ruwan saman nan duka a cikin wata biyar ko shida yake zuba, ruwan Tiga kuma hanyarsa yake bi ya gangara arewa, ba ya hawa tudu ya iske mai gida a Riruwai ko a ƙauyukan Ƙiru. Bugu da ƙari, ƙarƙashin ƙasarmu dutse ne. Ruwan rijiya yana zaune ne a cikin ɓurɓushin dutsen da ya ruɓe da kuma tsagoginsa, shi ya sa wata rijiyar burtsatse takan ba da ruwa sosai, a haƙa wata kusa da ita a tarar da ƙura.

Bari mu yi lissafi. Masana lafiya suna cewa mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini, domin sha da girki da ɗan tsabta, shi ne lita 20. Gida mai mutum takwas ke nan yana neman lita 160, fiye da jarka shida masu cin lita 25. A zafin Maris da Afrilu kuwa, fangalin alayyafo ko latas yana shan lita 6 zuwa 8 a kowace murabba'in mita kowace rana. Ɗan lambu mai murabba'in mita 10 zai cinye kimanin jarka uku kullum. Wa zai ɗauko su? Amsar a yawancin gidajenmu ita ce uwar gida da 'yan mata, waɗansunsu ma a bakin zuwa makaranta a kan lokaci. Wannan ne ya sa ya kamata mu duba tsire-tsiren da jarka ɗaya za ta ishe su mako biyu ko uku.

TSIRON DA KE NUMFASHI DA DARE

Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Waɗannan tsire-tsire da ruwan ciki suke ratsa rani. Waɗansu a ganye suke ajiya, ganyen ya yi kauri ya cika da yauƙi. Waɗansu a kara, waɗansu kuwa a gindi ko a saiwa. Fatarsu tana da kauri da santsi kamar an shafa kakin zuma, ga saiwoyi a baje kusa da fuskar ƙasa domin su tsotse ko da yayyafi ne.

Amma babban asirin yana wajen numfashi. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iskar kabon da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma ruwa ke fita. Shinkafa da wake da dawa da rana suke buɗe ƙofofinsu, lokacin da zafi ke zuƙe ruwa. Yawancin masu ajiyar ruwa kuwa sukan rufe nasu da rana, sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, su buɗe su shaƙi iskar, su adana ta a matsayin wani tsami. Da gari ya waye sai su rufe ƙofa, su yi aiki da abin da suka tara. Wani likita Bajamushe mai suna Benjamin Heyne, wanda ya yi aiki a Indiya, ya ba da labari tun a 1815 cewa ganyen wani irin tsiro yana da tsami da safe, amma kafin tsakar rana tsamin ya tafi. Daga baya masana suka gane dalili.

Ribar wannan dabara ba ƙarama ba ce. Domin samun giram ɗaya na iskar kabon, tsiro irin su shinkafa yakan yi asarar ruwa giram 400 zuwa 500, irin su dawa da gero da masara giram 250 zuwa 300, masu numfashin dare kuwa giram 50 zuwa 100 kawai. Sai dai kowace riba da nata farashi: girmansu a hankali yake. Mai son ya shuka yau ya yanka jibi, wannan ba lambunsa ba ne.

NAMU NA GIDA

Wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, ya tattara sunayen itatuwa da tsire-tsire na Hausa ya buga su a 1916. Yawan sunayen da ya samu shaida ce cewa sanin nan a hannun manoma da maharba da mata yake tun da daɗewa. Ga waɗanda suka fi dacewa da mu.

Zabuwa, wadda waɗansu ke kira kabar giwa, ita ce 'yar'uwar alobera ta dajinmu. Ganyenta yakan bushe da rani, gindin ya kwanta a ƙasa yana jiran ruwan farko. Ita alobera da ake gani a gwangwani a gidaje asalinta daga yankin Larabawa ne, ba ta zubar da ganye, tana kuma yawan fid da 'ya'ya a gindi. Yauƙin cikin ganyenta kusan duka ruwa ne, yana sanyaya ƙaramar ƙuna da ƙaiƙayin fata.

Kariya ita ce sarauniyar lambun rani. Gindinta a kumbure kamar tulu, tana zubar da ganye, sa'an nan a tsakiyar rani, lokacin da kome ya yi fari fat da ƙura, sai ta fid da furanni ja-ja masu ɗaukar ido. A ƙasashen Tailan da Taiwan an mai da ita babbar sana'a, ana aurar da iri da iri ana sayarwa duniya.

Moda tana da dogayen ganyaye a tsaye kamar takubba, masu zane-zane. Da zarenta maharba ke yin tsarkiyar baka, ana kuma tufka igiya. Tana jure inuwa, saboda haka ita ce ta gindin katanga da baranda. Wata 'yar'uwarta, wadda asalinta daga wannan yanki namu na Afirka ne, tana cikin tsire-tsiren da aka fi ajiyewa a ofisoshi da ɗakuna a Turai da Amurka.

Karan masallaci gajere ne, karansa mai kusurwa huɗu, ba ganyen kirki, yana yin cunkus a gindin dutse. Sunan da masana suka ba shi yana ɗauke da sunan Dalziel ɗin nan. Shuka halinka kuwa, ganye ɗaya in ya faɗi a ƙasa mai laima sai 'ya'ya su tsiro a gefensa. Harshen saniya, wanda muke nomewa a matsayin ciyawa, ganyen miya ne a ƙasashe da yawa, yana kuma rufe ƙasa ya hana ta bushewa da sauri.

Sai dangin masu nono: tinya, da ƙerana, da aguwa, da fid da sartse. Mutane sukan ɗauka kaktus ne domin kamanni. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce. In aka yanki jikinsu farin ruwa kamar nono ya fito, to, namu ne na Afirka, ba kaktus ba. Za mu komo kansu, gama su ne masu amfani ƙwarai, su ne kuma masu haɗari ƙwarai.

Kada mu manta da manyan da ke tsaye a kansu. Kuka ma mai ajiyar ruwa ce a kututture, zogale kuma yana da saiwa mai kauri da ke riƙe shi da rani. Lambun da aka kewaye da su ya haɗa kyau da miya.

AGUSTA NE ABIN TSORO

A nan ne masu farawa suka fi yin asara. Mun saba da cewa ƙaunar shuka ita ce ban ruwa, hannunmu kuma ya saba da yin fangali mai zurfi domin ya riƙe ruwa. Tsiro mai ajiyar ruwa in aka sa shi a fangali, Maris ba zai kashe shi ba, amma Agusta zai ruɓar da shi cikin mako guda. Saiwarsa tana bukatar iska. In ruwa ya kwanta mata kwana biyu ko uku sai gindi ya yi laushi, ya yi baƙi, ya fara wari. Littattafan da aka rubuta domin masu hamada ba su cika faɗar wannan ba, mu kuwa a Tudun Wada da Doguwa, inda damina ke da nauyi, shi ne darasi na fari.

Saboda haka a zaɓi tudu, nesa da inda indararo ke zuba, nesa da makwararar tsakar gida. A tayar da wurin kamar babbar kunya, tsayin taƙi ɗaya ko fiye, a tokare gefe da duwatsu. A shimfiɗa tsakuwa ko tsingaro ko ɓaraguzan bulo a ƙasa. Sa'an nan a haɗa ƙasar shuka: kwano biyu na yashin rafi mai tsakuwa, kwano ɗaya na ƙasar gona, da ɗan ruɓaɓɓen taki wanda ya shekara. In akwai dakakken gawayi a zuba kaɗan. A guji laka da ƙasar fadama, a guji kuma ɗanyen kashin kaji ko na shanu, gama yana ƙona saiwa yana kiran gara.

Ga yadda za a gwada. A jiƙa ƙasar a dunƙula a hannu. In ta tsaya kamar curin fura, yumɓu ya yi yawa, a ƙara yashi. In ta warware da an buɗe hannu, ta yi. Bayan dashe a rufe fuskar ƙasa da tsakuwa maimakon ciyawa. Tsakuwa tana hana ruwan sama fantsama laka a ganye, tana hana kaji tono, ba ta kuma gayyatar gara. Mutanen Riruwai da kewaye, inda dutse ya yi yawa har ana kuka da shi, su ne suka fi kowa sa'a a wannan aiki.

Wanda ba shi da fili, tsohuwar tukunyar ƙasa da ta tsage ta fi bokitin roba, domin jikinta yana numfashi. Ko mene ne aka samu, gwangwani ko tsohon kwano, lalle a huda gindinsa. Da damina ta yi nauyi a jawo tukwanen ƙarƙashin rumfa.

DASHE DA BAN RUWA

Ba a bukatar sayen iri. Reshe ɗaya daga maƙwabci, ko ɗa ɗaya daga gindin alobera ko moda, ya isa fara lambu. A yanka da wuƙa mai kaifi da tsabta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a dasa nan take. A ajiye yankan a inuwa kwana uku zuwa bakwai, mai kauri ma har kwana goma, sai bakin yankan ya bushe ya yi ɓawo. Ana iya barbaɗa masa toka. Sa'an nan a kafa shi a busasshiyar ƙasa, ba da zurfi ba, a tokare da dutse, a ƙyale shi mako guda ba ruwa.

Lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen bazara, daga tsakiyar Maris zuwa farkon Mayu, domin saiwa ta kama da ruwan farko kafin marka ta zo. Wanda ya dasa a Yuli ko Agusta yakan yi asarar rabi.

A shekarar fari, da rani, a ba da ruwa sau ɗaya a kwana goma ko mako biyu, a zuba sosai a gindi da yamma ko da sassafe, sa'an nan a bari ƙasa ta bushe sarai. A tura yatsa a ƙasa, in da sauran sanyi a dakata. Da hunturu girma yakan tsaya, sai a ƙara rage ruwa. Daga shekara ta biyu, kariya da ƙerana da aguwa da ke cikin ƙasa ba su bukatar kome. In alobera ta koma ja-ja ko ruwan ƙasa a zafin Afrilu, ba mutuwa take yi ba, kāre kanta take daga rana. A yi mata 'yar inuwar yamma, za ta komo kore da ruwan farko.

Ruwan wankin shinkafa ko na ganye, da ruwan ɗauraya na ƙarshe, duk suna yi. Amma ruwan omo mai kumfa da ruwan gishiri suna lalata ƙasa a hankali. Akwai kuma tsohuwar dabara ta binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shuke-shuke, a cika shi a rufe bakinsa. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa daidai yadda ƙasa ke nema. Rufe bakin wajibi ne saboda sauro. In an ga wani farin ƙwaro kamar auduga ya maƙale a hammatar ganye, a goge shi da tsumma da ruwan sabulun wanka kaɗan, ko ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan darbejiya.

SHINGE MAI RAI

Kowace shekara muna kafa darni da karan dawa, kowace shekara gara da iska da awaki suna cinye shi, alhali karan nan ana bukatarsa domin dabbobi da murhu. Wayar shinge kuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore, ta fita Saminaka ta hau Jos, ya ga yadda mutanen Filato suke kewaye gonaki da gidaje da ƙerana, shingen da ya fi mutum tsayi, wanda akuya ba ta ci, saniya ba ta ratsawa. A arewa kuma, wajen Daura da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, aguwa ce ke wannan aiki, har ana kafa ta domin tsai da tudun rairayi.

Mu muna tsakanin biyun. A jigawar Bebeji da Ƙiru aguwa da fid da sartse za su yi, muddin a tudu ne. A Doguwa, inda ruwa ya fi yawa ƙasa kuma ta yi kama da ta Filato, ƙerana ta fi dacewa. A yanko rassa masu tsawon kamu ɗaya ko biyu, a bar su su sha iska, a kafa su layi biyu kusa da kusa kafin ruwa ya sauka. A shekara biyu na fari a taimaka musu da ƙaya. Bayan haka aikin da ya rage shi ne aski.

Amma a kula da abu biyu. Shinge mai rai ba ya gusawa, saboda haka kafin a kafa a kira maƙwabci da mai unguwa a tabbatar da iyaka a gabansu. Na biyu, kada a toshe burtali ko hanyar mashaya. Shingen kirki yana raba manomi da makiyayi da faɗa, wanda aka kafa a kan hanyar shanu kuwa shi ne ke jawo ta.

HATTARA DA FARIN NONO

Nonon tinya guba ne. Da shi ake haɗa dafin kibiya a dā, ana kuma kashe kifi da shi. Masana da suka bincika shi sun samu sinadarai masu zafin da ya ninka na barkono nesa ba kusa ba, har ɗaya daga cikinsu suka sa masa suna tinyatoxin, daga sunanmu na Hausa. Ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum na kwanaki, wani lokaci ya bar tabo. Nonon ƙerana da na sauran danginta ma haka yake ƙona fata da ido. Kariya da duk kyanta tana da dafin da ke taɓa zuciya. Bini da zugu, wanda shi ma ake shinge da shi, sunansa kaɗai ya isa gargaɗi, 'ya'yansa kuwa yara sukan ɗauka gyaɗa ce. Shuka halinka ma tana cutar da dabbobi in sun ci da yawa.

Saboda haka kada a dasa masu nono kusa da madafa, ko bakin rijiya, ko tafkin kifi, ko filin wasan yara a makaranta da harabar majami'a. Mai yanka ya sa tabarau, ya rufe hannu ko da da leda ne, ya juya wa iska baya, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa fuska. In tsautsayi ya sa nonon ya shiga ido, kada a murza, kada a ɗiga nonon uwa ko ruwan sukari ko wani haɗi. A yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon har minti 20, sa'an nan a nufi asibiti mafi kusa a ranar. In zafi ko hazo bai wuce ba a wuce asibitin ido a Kano, kamar Asibitin Ido na ECWA.

Alobera ma tana da nata. Ruwan ɗorawa mai ɗaci da ke fita tsakanin fata da yauƙi yana sa zawo mai tsanani. A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin magungunan wankin ciki da ake saya ba da takardar likita ba. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kada su sha. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya ajiye maganin asibiti domin wani ya ce alobera tana warkar da kome. Babbar ƙuna kuma ta asibiti ce.

BAƘO DAGA MEZIKO

Kaktus na ainihi, wanda waɗansu ke kira murtsunguwa, daga nahiyar Amurka ya fito. Irin mai faffaɗan kara kamar tafin hannu abinci ne a Meziko, karan da 'ya'yan duka. A arewa maso gabashin Birazil da Tunisiya ana nomansa domin dabbobi su ci da rani, gama yana ba su abinci da ruwa gaba ɗaya. A yankin Tigirai na Habasha 'ya'yansa suna riƙe iyalai a watannin yunwa. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a 2017 a ƙara mai da hankali gare shi a ƙasashe masu fari.

Amma kafin mu yi gaggawa, mu ji abin da ya faru a Ostareliya. An kai shi can domin shinge da ado, ya tsere ya shiga daji. Zuwa 1925 ya mamaye kimanin hekta miliyan 24, watau fiye da rubu'in faɗin Nijeriya, manoma suka bar gonakinsu. Sai da aka kawo wata tsutsa daga Ajantina aka sake ta a 1926 kafin a karya shi. A Laikipiya ta ƙasar Kenya wani irinsa ya cinye makiyaya, ƙayarsa tana lalata baki da idon dabbobi. Wanda zai gwada, ya nemi irin marar ƙaya ta hannun malaman gona, ya dasa cikin shinge, kada kuma ya jefar da guntun kara a bola ko rafi, gama kowane guntu sabon tsiro ne.

KADA MU KWASHE NA DAJI

Masu sayar da furanni a bakin titunan Kano da Kaduna da Abuja suna sayar da kariya da moda da alobera a tukwane. Matasanmu da matanmu za su iya samun abin sabulu da kuɗin makaranta a nan, maginan tukwane ma su samu kasuwa. Sai dai kasuwa in ta buɗe, kwaɗayi yakan biyo baya. A Afirka ta Kudu, daga 2019 zuwa 2024, hukuma ta kama fiye da tsire-tsire miliyan 1 irin waɗannan da aka tone daga daji domin a sayar ƙasashen waje, waɗansu irin har sun kusa ƙarewa. Tsohuwar kariya mai babban gindi ta yi shekaru masu yawa kafin ta kai haka, mai gatari kuwa cikin minti goma zai tumɓuke ta. Dajin Falgore wuri ne da doka ta keɓe, ba a shiga a tono. A sauran wurare ma a yanki reshe a bar uwa, a tara iri in kwafsar kariya ta fashe, a yi renon su a gida.

ABIN DA ZA MU IYA YI BANA

Ba mu ce wannan lambu zai maye gurbin alayyafo da tumatir ba. Abin da muke cewa shi ne a raba ruwa da hikima. A birnin Denver na Amurka, hukumar ruwa ta fara koya wa jama'a irin wannan tsari tun 1981: masu shan ruwa a wuri ɗaya kusa da ruwa, masu haƙuri a nesa. Mu ma ɗan ruwan da muke da shi ya tafi ga fangali ɗaya na ganyen miya, shinge da ƙofar gida da gindin katanga kuwa a bar wa masu ajiyar ruwa. A tuna kuma, rufin kwano mai murabba'in mita 50 yana zubar da kimanin lita 50,000 a damina mai milimita 1,000. Ko duro biyu aka tara a ƙarshen Satumba aka rufe, sun isa ƙaramin lambun nan ya ga Afrilu.

Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Zumuntar mata ko ƙungiyar matasa za su iya ware rana ɗaya a watan Fabrairu su yi gayyar tara duwatsu da yashi, su tayar da kunya ɗaya a ɗakin shan magani, ko makaranta, ko harabar majami'a, da marasa dafi irin su alobera da harshen saniya, a sa moda a gindin katanga. A Maris kowa ya kawo reshe ko ɗa daga gidansa. Bayan shekara biyu wannan kunya za ta ba kowane gida iri kyauta. A gayyaci tsofaffi su zo su faɗi sunayen tsire-tsiren da amfaninsu da haɗarinsu, wani ɗan makaranta ya rubuta, domin sani ne da ke tafiya tare da masu shi. A raba wa maƙwabta ma, gama ƙishirwar Maris ba ta tambayar gidan wane ne.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba mu mai albarka.